Yadda Haske Ke Tona Asirin Gudun Taurari

Babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa wuce yankin wata. Kumbon da ya fi kowanne yin nisa, Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, har yau bai ci ko kashi ɗaya cikin dubu na hanyar zuwa tauraro mafi kusa da rana ba. Duk da haka masana sararin samaniya sukan buɗe baki su ce galaksi kaza, wato wani dandazo na biliyoyin taurari, yana nisantar mu da gudun kilomita dubu kaza a cikin sakan ɗaya. Duk mai hankali ya kamata ya tambaya: da me suka auna? Tambayar tana da amsa, kuma amsar ba ta fi ƙarfin wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi motar asibiti ta wuce shi da jiniya ba.

Idan motar tana tahowa, kukan jiniyar siriri ne mai kaifi. Da zarar ta gifta sai ya yi kauri nan take. Ba maganar ƙarfin ƙara ake yi ba, wannan kowa ya san abu na kusa ya fi cika kunne. Muryar ce kanta take sauyawa. Direban da ke cikin motar kuwa bai ji sauyin komai ba, jiniyarsa tana nan yadda take tun da ya kunna ta.

Dalilin shi ne sauti igiya-igiya yake tafiya a cikin iska, kuma kaifin murya ya dogara ne da yawan igiyoyin da ke isa kunne a sakan guda. Tazarar da ke tsakanin wata igiya da mai bi mata ita ce tsawon zango, abin da masu sauraron rediyo suka saba ji idan an ce gajeren zango mita 25 ko mita 31. Mu ɗauki jiniya mai fitar da igiya 500 a sakan. Sauti yana cin kimanin mita 343 a sakan, don haka idan motar tana tsaye, tsakanin igiya da igiya akwai kusan santimita 69. To, a ce motar tana gudun kilomita 108 a awa, wato mita 30 a sakan. Duk igiyar da ta fitar, kafin ta fitar da ta gaba ta riga ta matso kaɗan, sai igiyoyin da ke gabanta su takure zuwa kusan santimita 63, na bayanta kuma su miƙe zuwa kusan santimita 75. Wanda motar ta nufo zai ji igiya 548 a sakan, wanda ta ba wa baya zai ji 460. Gudun sautin bai canza ba ko kaɗan, tazarar ce ta canza. Ko da jiniyar ce a tsaye, kai ne ke gudu zuwa gare ta, muryar za ta yi maka kaifi, domin abin da ke aiki shi ne ko tazarar da ke tsakaninku tana raguwa ko tana ƙaruwa. Motsin da bai kusanto da ku ba, bai kuma raba ku ba, kusan ba ya barin wata alama.

Wanda ya fara rubuta wannan a matsayin ƙa'ida shi ne Christian Doppler, malamin lissafi ɗan Ostiriya, a wata maƙala da ya gabatar a birnin Prague a 1842. Shekara uku bayan haka wani ɗan Holand, Buys Ballot, ya gwada ta a zahiri: ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa kusa da Utrecht, ya ajiye wasu mawaƙa masu kaifin kunne a gefen layin dogo, suka tabbatar muryar tana hawa idan jirgin ya taho, tana sauka idan ya wuce. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Doppler ba sauti ne ya dame shi ba. Taurari yake son bayyanawa. A ganinsa, abin da ya sa wani tauraro ja ne wani kuma shuɗi, shi ne wannan yana guje mana wancan yana tahowa. Ƙa'idarsa daidai ce, amma inda ya ɗora ta kuskure ne. Launin tauraro daga zafinsa yake, mai tsananin zafi ya yi shuɗi, mai sauƙin zafi ya yi ja. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan, kuma kafin jan haske ya koma kore a idonka sai ka tunkare shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan gudu. Taurarin da muke gani da ido ba sa ko kusa da haka. Nasu gudun goma-goma ne na kilomita a sakan, sauyin da yake kawowa ido ba zai taɓa kama shi ba.

Saboda haka ana buƙatar wata alama a jikin hasken wadda aka san ainihin mazauninta, ta yadda ko ta goce da kaɗan za a gane. Ikon Allah, alamar tana nan. Idan aka ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan baje zuwa launukan bakan gizo, ja a gefen dogon zango, shuɗi a gefen gajere. A 1814 wani maƙerin gilashi Bajamushe, Joseph Fraunhofer, ya lura cewa wannan shimfiɗar launuka tana da siraran baƙaƙen layuka a jikinta, ya ƙirga sama da 500, ya auna wurin kowanne, ba tare da ya san me ya kawo su ba. Sai wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen a Heidelberg suka gano bakin zaren: kowane sinadari yana haɗiye haske ne a wasu keɓaɓɓun zanguna nasa shi kaɗai. Haidurojin yana da jerin layukansa, sodiyam da nasa, ƙarfe da nasa. Misali, haidurojin yana da wani jan layi a nanomita 656.3, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Tun a 1848 Bafaranshe Hippolyte Fizeau ya nuna cewa waɗannan layuka ne ya kamata a sa wa ido idan ana son auna gudun tauraro.

A nan ƙarfin hujjar yake, kuma a nan nake son mai karatu ya dakata. Ba layi ɗaya ake dubawa ba. Jerin layuka ne masu tsari sananne, wanda za a iya samarwa a ɗakin gwaji a ajiye gefe da gefe da na tauraron. Idan aka ga jerin haidurojin gaba ɗaya ya matsa gefen ja, kowane layi da kaso ɗaya daidai da ɗan'uwansa, babu ƙura ko hazo ko lalacewar na'ura da za su iya yin wannan aiki. Ƙura takan rage shuɗin haske ta bar ja, kamar yadda rana ke yin ja lokacin faɗuwa, amma ba ta iya ɗaga layi daga mazauninsa. Masana suna kiran kason gocewar da harafin z: idan layi ya ƙara tsawo da kashi 10 cikin 100, z ya zama 0.1. Ma'aunin yana da kaifin da har tafiyar duniyarmu tana kewaya rana, kimanin kilomita 30 a sakan, tana fitowa a ciki: layukan tauraro ɗaya sukan matsa gefen shuɗi a wani lokaci na shekara, bayan wata shida su koma gefen ja, sai an cire wannan kafin a faɗi gudun tauraron.

William Huggins a Ingila ya yi ƙoƙarin auna gudun tauraron Sirius, wanda Larabawa ke kira Shi'ira, a 1868, da ido kawai, adadin da ya samu bai yi daidai ba. Da aka fara ɗaukar hoton layukan a kan faranti sai aikin ya kankama. Mutumin da ya kai shi wajen galaksinmu shi ne Vesto Slipher, a cibiyar Lowell da ke Flagstaff a jihar Arizona. A 1912 ya juya madubin hangen nesa mai faɗin inci 24 zuwa ga Andromeda, wannan ɗan farin tabo da masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambata a littafinsa tun wajen shekara ta 964, yana kwatanta shi da ƙaramin gajimare. Hasken yana da rauni ƙwarai, har faranti ɗaya yakan ci dare fiye da ɗaya yana tara shi. Slipher ya samu cewa Andromeda yana tunkaro mu da gudun kusan kilomita 300 a sakan, gudun da ba a taɓa auna irinsa a sama ba. Ya ci gaba da haƙuri. Zuwa 1917 yana da irin waɗannan tabo 25 a hannu, 21 daga ciki layukansu sun goce gefen ja, wasu da gudun da ya haura kilomita 1,000 a sakan. Ni a ganina ba a yi wa Slipher adalci ba a yadda ake ba da labarin nan. Rabin hujjar faɗaɗar samaniya aikin hannunsa ne, amma da wuya ka ji sunansa a aji.

Ɗaya rabin shi ne nisa, kuma gocewar layi ba ta faɗin nisa. Wannan ƙofa Henrietta Leavitt ce ta buɗe ta a Harvard. A 1912 aka wallafa bincikenta cewa akwai wasu taurari masu haske da dushewa a kan lokaci, kuma gwargwadon tsawon lokacin da tauraron ke ɗauka kafin ya zagayo, gwargwadon ainihin ƙarfin haskensa. Idan ka san ainihin ƙarfinsa, ka kuma ga yadda ya dushe kafin ya iso ka, ka san nisansa. A 1923 Edwin Hubble ya gano irin wannan tauraro a cikin Andromeda da madubi mai inci 100 na dutsen Wilson a Kalifoniya, aka tabbatar Andromeda galaksi ne mai zaman kansa, can nesa da namu. Yau an san nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5.

A 1929 Hubble ya jera nisan galaksi 24 kusa da gudunsu, akasarin gudun daga ma'aunin Slipher, sai ga tsari ya fito: wanda ya fi nisa ya fi gudu, ninki biyu na nisa ninki biyu na gudu. Shekara biyu kafin haka, a 1927, Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya riga ya fitar da wannan dangantaka daga lissafin Einstein, har ya ƙiyasta adadinta, amma ya wallafa ta da Faransanci a wata mujalla da ba a cika karantawa a waje ba. Shi ma Alexander Friedmann na Rasha ya riga shi nuna, a 1922, cewa lissafin ya yarda da samaniya mai faɗaɗa. Sai a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a ta ba da shawarar a riƙa kiran ƙa'idar da sunan Hubble da Lemaître tare.

To, idan kusan kowane galaksi yana guje mana, mu ne a tsakiya ke nan? A'a. Ka ɗauki robar ɗaure kaya a bayan babur, ka yi mata ɗigo da alli a kowane taƙi, sannan ka ja ta har tsawonta ya ninka. Ɗigon da ke taƙi ɗaya da kai ya koma taƙi biyu, wanda ke taƙi uku ya koma shida. A lokaci guda na farko ya matsa taƙi ɗaya, na biyun ya matsa uku. Ko a kan wane ɗigo ka tsaya, abin da za ka gani ke nan: kowa yana nisantarka, na nesa ya fi sauri. Babu ɗigon da ya yi tafiya a kan robar, robar ce ta miƙe.

Wannan shi ne wurin da misalin jiniya ya fara gazawa, kuma yawancin bayanan da ake yi wa jama'a sukan tsallake shi. Motar asibiti tana ratsa iska ne, iskar tana nan. Haske ba ya buƙatar iska ko wani abin hawa, gudunsa ɗaya ne ga kowa, don haka ko a kusa ma lissafinsa na Einstein ne, ba na sauti ba. A galaksi masu nisan gaske kuwa, bayanin da ya fi dacewa shi ne hasken ya miƙe ne a kan hanya, yayin da sararin da yake ratsawa ke faɗaɗa. Ma'anar z a nan ta fi sauƙi ma: ka ƙara masa ɗaya, ka samu ninkin da tazarar da ke tsakanin galaksi ta yi tun ranar da hasken ya baro gida. Idan z ya kai 1, samaniya ta ninka biyu tun lokacin. Idan ya kai 9, ta ninka goma. Wanda ya ɗauki z na 2 ya buga shi da gudun haske ya ce galaksin yana tsere da ninki biyu na gudun haske kamar mota a titi, ya yi amfani da ƙa'ida a inda ba ta aiki. Gaskiya ne tazarar da ke tsakaninmu da galaksi masu z sama da kimanin 1.5 tana ƙaruwa fiye da gudun haske, kuma wannan bai karya dokar Einstein ba, domin dokar ta hana abu ya wuce haske ne a wurin da suke tare, ba ta sa wa faɗaɗar sarari iyaka ba. Wasu masana sun fi son su kwatanta abin da ƙananan gocewar Doppler da suka taru a tsawon hanya, kuma idan aka yi lissafin da kyau amsar ɗaya ce. Abin da nake son a riƙe shi ne, abin da na'ura ke aunawa gocewar layi ne. Gudu da nisa da shekaru duk fassara ce da ake ɗorawa a kai. Hubble kansa ya yi taka-tsantsan da wannan har ƙarshen rayuwarsa, bai yarda ya ce lallai gudu na zahiri ne ba.

Andromeda kuwa ba ya cikin masu tserewa. A kusa, jan nauyi ya fi ƙarfin faɗaɗa. Galaksinmu da Andromeda suna kusantar juna da kimanin kilomita 110 a sakan, sauran gudun da Slipher ya gani na ranarmu ne da ke kewaya tsakiyar galaksinmu. Taurarin da ke cikin galaksi ɗaya ba sa rabuwa, duniya ba ta nisantar rana saboda wannan, jikin mutum ma ba ya faɗaɗa.

Tunda faɗaɗar fassara ce, ba za a iya samun wata ba? An gwada. A 1929 ɗin nan Fritz Zwicky ya kawo shawarar cewa wataƙila haske gajiya yake yi a doguwar tafiya, ya rasa kuzari ya koma ja, ba tare da komai ya motsa ba. Shawara ce mai ma'ana, kuma an yi mata abin da ya dace, wato an nemi inda za ta bambanta da faɗaɗa a aune. Akwai wani nau'in fashewar tauraro da haskensa ke tashi ya dushe cikin sanannen adadin makonni. Idan sarari yana miƙewa, ba zangon haske kaɗai zai miƙe ba, tazarar da ke tsakanin farkon labarin da ƙarshensa ma za ta miƙe, fashewar da ke z na 1 za ta ɗauki ninki biyu na lokacin a idonmu. Gajiyar haske ba ta da hanyar kawo wannan. Da aka auna, an samu jinkirin kamar yadda faɗaɗa ta ce. Ga kuma raunannen hasken da Arno Penzias da Robert Wilson suka ci karo da shi suka sanar a 1965, wanda ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama. Ya baro asalinsa lokacin da samaniya take da shekara kusan 380,000 da zafin digiri kusan 3,000, ya miƙe ninki kusan 1,100, yanzu sai da eriyar rediyo ake kama shi. Da irin waccan fashewar taurari ne kuma ƙungiyoyi biyu suka gano a 1998 cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, binciken da ya kawo wa Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess kyautar Nobel a 2011.

Ƙa'idar Doppler ta asali ba ta yi ritaya ba. Da ita Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar galaksi tun daga 1970, gefe ɗaya yana tahowa ɗaya yana tafiya, suka ga bakin galaksi yana gudu fiye da yadda nauyin taurarin da ake gani zai iya riƙewa. Da ita Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro irin rana a 1995, daga 'yar rawar da tauraron 51 Pegasi ke yi, gaba da baya, ta mita hamsin da 'yan kai a sakan, duk kwana huɗu da ɗoriya. Ita ce a na'urar kama masu gudun wuce sa'a, ita ce kuma a hoton asibiti da ke nuna gudanar jini a jijiya da bugun zuciyar ɗan tayi.

Inda rauni yake har yanzu shi ne nisa. Hubble ya samu cewa gudu yana ƙaruwa da kilomita 500 a sakan a duk tazarar da ake kira megafasek, wato tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26. Wannan adadi ya nuna samaniya ba ta wuce shekara biliyan 2 ba, ƙasa da shekarun duwatsun duniya, abin da ba zai yiwu ba. Layukan Slipher ba su da laifi, ma'aunin nisan ne ya yi gajere, sai da Walter Baade a 1952 da Allan Sandage a 1958 suka gyara. Yau ana ƙiyasta shekarun samaniya biliyan 13.8, amma gardamar ba ta mutu ba: masu aunawa daga wancan tsohon haske, da tauraron ɗan Adam na Planck, suna samun kusan 67 a maimakon 500 ɗin Hubble, masu aunawa daga taurari da fashewarsu, irin su Riess, suna samun kusan 73, kuma kowane ɓangare ya tsaya a kan cewa kuskurensa bai kai ya cike giɓin ba.

Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, an ƙera shi ne musamman don ganin hasken da ya wuce ja, domin can hasken galaksi na farko-farko ya koma. A 2024 ya tabbatar da wani galaksi mai z sama da 14, wanda haskensa ya taso lokacin da samaniya take da shekara kusan miliyan 300. Layin haidurojin da asalinsa nanomita 121.6 ne ya iso mu ya haura 1,800. Amma akwai hanya biyu ta samun z. Ɗaya ita ce a ƙiyasta shi daga launin galaksin a hoto, mai sauri ce amma tana iya yaudara. Ɗayar ita ce a baje hasken a ga layukan da ido. A 2022 an yi ta yayata wani galaksi da aka ƙiyasta z ɗinsa ya kai 16 daga launi kawai. Da aka baje haskensa aka karanta layukan, sai ga shi 4.9 ne. Saboda haka, mai karatu, duk ranar da ka ji a labarai an gano galaksi mafi nisa, ka nemi sanin ko an ga layukansa ko kuwa daga launi aka yi ƙiyasi.